Tantance Alƙalai: A Tambayi Addininsu Ko A Tambayi Adalcinsu?

Gabatarwa

Hausawa kan ce shari'a saɓanin hankali. Duk wanda ƙaddara ta taɓa kai shi gaban kuliya ya san cewa daga lokacin da ya sa ƙafa a ɗakin kotu, dukiyarsa da mutuncinsa, wani lokaci ma har da ransa, sun koma hannun mutumin da ke zaune a kan kujerar hukunci. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan jama'a suka dage sai sun san ko wane ne wannan mutum kafin a ɗora shi a kan kujerar. Ana bincikar iliminsa, ana duba shari'o'in da ya taɓa yankewa, ana tambayar inda ya samu dukiyarsa. To, amma addininsa fa? Shin ya halatta masu tantancewa su tono abin da ya yi imani da shi, da ƙungiyoyin addinin da yake ciki, su mayar da su ma'aunin cancantarsa?

Wannan tambaya ta fi zafi a ƙasar Amurka, inda ake titsiye wanda za a naɗa alƙali a bainar jama'a. Don haka a can wannan rubutu zai fi mayar da hankali, kafin ya waiwayo gida. Ra'ayin da zan kare shi ne: masu tantancewa suna da haƙƙin tambayar mutum duk abin da ya rubuta, ko ya aikata, ko ya yi alkawari a kansa, wanda zai iya shafar hukuncinsa, ko da addini ne ya sa shi. Amma ba su da haƙƙin ɗaukar addinin kansa a matsayin abin zargi.

Yadda Abin Yake A Amurka

A tsarin Amurka, shugaban ƙasa ne ke gabatar da sunan alƙalin kotun tarayya. Daga nan Kwamitin Shari'a na Majalisar Dattawa ya yi masa tambayoyi, sannan sanatoci su kaɗa ƙuri'a. Idan ya tsallake, to ya samu kujerar da ba ta da wa'adi, sai mutuwa, ko murabus, ko tsigewa. Wannan ne ya sa sanatoci ke ɗaukar zaman tantancewa da muhimmanci, domin shi ne damarsu ta farko kuma kusan ta ƙarshe.

Sai dai Kundin Tsarin Mulkin ƙasar, wanda aka rubuta a 1787, ya gindaya musu iyaka. Sashe na 6 ya tilasta wa kowane jami'i rantsuwar kare kundin, sannan ya hana a sanya jarrabawar addini a matsayin sharaɗin riƙe kowane muƙami na gwamnatin tarayya. Waɗanda suka rubuta wannan sashe sun san abin da suke gudu. A Ingila, wata doka ta 1673 ta toshe wa mabiya ɗariƙar Katolika hanyar riƙe muƙaman gwamnati, kuma ba a buɗe musu ƙofa sosai ba sai a 1829. A 1961 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata ƙa'ida ta Jihar Maryland da ke tilasta wa mai neman muƙami furta cewa ya yi imani da samuwar Ubangiji.

Duk da haka, rubuta doka daban, wanke zukata daban. A 1916, lokacin da Shugaba Woodrow Wilson ya gabatar da Louis Brandeis, Bayahude na farko a Kotun Ƙoli, an shafe kimanin wata huɗu ana kai ruwa rana, kuma masana tarihi sun yarda cewa ƙyamar Yahudawa na daga cikin abin da ya rura wutar. A 1957 aka tambayi William Brennan, ɗan Katolika, ko wanne zai bi idan umarnin Fafaroma ya ci karo da dokar ƙasa. Ya amsa cewa a aikinsa na alƙalanci rantsuwar da ya yi ta kare tsarin mulki ce kaɗai ke jagorantarsa.

Misalai Uku Na Kusa

A watan Satumba na 2017, Amy Coney Barrett, malamar shari'a a Jami'ar Notre Dame, ta bayyana a gaban kwamitin bayan Shugaba Donald Trump ya zaɓe ta zuwa wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Sanata Dianne Feinstein ta jam'iyyar Dimokurat ta faɗa mata cewa aƙidar cocinta tana magana da babbar murya a cikinta, kuma wannan abin damuwa ne. Sanata Dick Durbin shi kuma ya tambaye ta ko tana ɗaukar kanta cikakkiyar mabiyar koyarwar Katolika. Maganar ta tayar da ƙura ƙwarai, amma majalisa ta amince da ita da ƙuri'a 55 da 43. A watan Oktoba na 2020 ta haye Kotun Ƙoli da ƙuri'a 52 da 48.

A ƙarshen 2018, Sanata Kamala Harris da Sanata Mazie Hirono sun aika wa Brian Buescher, wanda aka zaɓa zuwa kotun tarayya a Jihar Nebraska, tambayoyi a rubuce game da zamansa ɗan ƙungiyar Knights of Columbus. Wannan ƙungiya ce ta maza 'yan Katolika da aka kafa tun 1882, wadda ta shahara da ayyukan taimako, kuma take adawa da zubar da ciki da auren jinsi. Har aka tambaye shi ko zai fice daga ƙungiyar idan ya zama alƙali. A watan Janairu na 2019 majalisar ta zartar da ƙudurin da ke cewa hana mutum muƙami saboda zama ɗan wannan ƙungiya ya saɓa wa tsarin mulki.

Misali na uku shi ne ya nuna cewa laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Joe Biden ya gabatar da Adeel Mangi, lauya haifaffen Pakistan, wanda da ya tsallake da ya zama Musulmi na farko a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. A wannan karon sanatocin jam'iyyar Rifablikan, waɗanda suka yi ta kururuwar an ci zarafin Barrett, su ne suka riƙa tambayarsa ko ya yi tir da harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoba, 2023, da kuma harin 11 ga Satumba, 2001. Hujjarsu ita ce ya taɓa zama a kwamitin ba da shawara na wata cibiyar bincike a Jami'ar Rutgers, wadda ta shirya tarukan da ba su gamsu da su ba. Mangi ya yi tir da ta'addanci ba sau ɗaya ba, wasu manyan ƙungiyoyin Yahudawan Amurka ma suka fito suka kare shi. Duk da haka, bayan wasu 'yan jam'iyyar Biden su ma sun janye goyon bayansu bisa wasu dalilai, aka jingine sunansa a ƙarshen 2024 ba tare da zauren majalisa ya kaɗa masa ƙuri'a ba.

Mai karatu zai lura cewa kowane ɓangare yana tuna Sashe na 6 ne a ranar da nasa ke kan kujerar tambaya, ya manta da shi a ranar da na abokin hamayya ya zauna.

Hujjar Masu Cewa A Tambaya

Ba adalci ba ne a yi watsi da masu wannan ra'ayi kamar ba su da abin faɗa. Suna cewa alƙali ɗan Adam ne, ba na'ura ba, kuma ba ya tuɓe imaninsa ya rataye a bakin ƙofar kotu kamar yadda ake tuɓe takalmi. Dokoki da yawa an rubuta su ne da kalmomi masu faɗi, irin su 'yanci da daidaito da azaba mai tsanani, kuma wajen fassara irin waɗannan kalmomi tarbiyyar mutum na iya yin tasiri ko da bai sani ba. Idan har ana tambayar alƙali ra'ayinsa na siyasa da na tattalin arziki, me zai sa a tsallake abin da ya fi komai zurfi a zuciyarsa?

Suna kuma da misalan da za su nuna. Roy Moore, Babban Jojin Jihar Alabama, ya kafa wani katafaren dutse mai ɗauke da Dokoki Goma na Attaura a ginin kotun jihar a 2001. Da kotun tarayya ta umarce shi ya cire, sai ya ƙi, har aka sauke shi daga muƙaminsa a 2003. Sannan a watan Yuni na 2022, Barrett na cikin alƙalai biyar da suka soke hukuncin 1973 na shari'ar Roe da Wade, wanda ya bai wa mata damar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar. Masu goyon bayan Feinstein suka ce, ai ga abin da take gudu nan ya faru. A ganinsu rigakafi ya fi magani, musamman ga kujerar da ba a sauka.

Inda Hujjar Ta Gaza

Matsala ta farko ita ce sunan addini ba ya faɗa maka yadda alƙali zai yi hukunci. Brennan ɗin nan da aka ji tsoron zai bi Fafaroma yana cikin alƙalai bakwai da suka halatta zubar da ciki a 1973, abin da cocinsa ke haramtawa. Anthony Kennedy, ɗan Katolika, shi ya rubuta hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi. A hukuncin 2022 kuwa, Sonia Sotomayor, wadda ita ma Katolika ce, tana cikin ukun da suka ƙi amincewa. Ita kanta Barrett, duk da cewa cocinta na adawa da hukuncin kisa, a watan Maris na 2022 ta bi sahun masu rinjaye wajen maido da hukuncin kisa a kan Dzhokhar Tsarnaev, wanda ya tayar da bam a gasar gudu ta Boston a 2013. Abin da ya raba waɗannan alƙalai shi ne hanyar da kowannensu ke bi wajen fassara tsarin mulki, kuma wannan abu ne da za a iya tambaya kai tsaye ba tare da an leƙa ɗakin ibadar kowa ba.

Matsala ta biyu ita ce nauyin irin wannan tambaya ba ya faɗawa kan kowa daidai. Kullum a kan wanda ake ganin bare ne yake sauka. Jiya Bayahude ne da ɗan Katolika, yau Musulmi ne. A 2021, lokacin da ake tantance Zahid Quraishi, wanda ya zama Musulmi na farko da majalisa ta amince da shi a kujerar alƙalin tarayya ta dindindin, sai da aka tambaye shi abin da ya sani game da Shari'ar Musulunci, duk da cewa mutumin ya yi aikin lauya a rundunar sojan Amurka, ya kuma yi aikin gabatar da ƙara na gwamnati. Sanatan da ya yi tambayar ya nuna cewa shi ma ba da son ransa ya yi ta ba. Tambayar da mai yin ta ke jin kunyarta tun kafin ta fito daga bakinsa, ai ta riga ta nuna aibinta.

Matsala ta uku ita ce tambayar aƙida tana hukunta mai gaskiya ne, ta saki mai ɓoyewa. Wanda ke zuwa coci ko masallaci a fili, yake cikin ƙungiyar da kowa ya sani, shi ke shan tambaya. Wanda ya iya rufe bakinsa kuwa, ko da zuciyarsa cike take da son kai da ƙiyayya, sai ya wuce salin alin. Bugu da ƙari, wanda ba ya bin kowane addini shi ma yana da abubuwan da ya ƙudurce game da rai da mutuwa da aure, ba mai tambayarsa tushensu. Idan aka ci gaba a haka, masu riƙo da addini da suka cancanta za su riƙa gudun aikin alƙalanci, ko kuma su koyi yin ƙarya a gaban majalisa, kuma babu alheri ga ƙasa a cikin ko ɗaya.

To, Ina Iyakar Take?

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya kasa kunne, domin bambancin yana cikin ginin jimlar tambaya. Dubi waɗannan guda biyu. Ta farko: "Shin ka yarda da duk abin da addininka ya koyar game da hukuncin kisa?" Ta biyu: "Idan doka ta tanadi hukuncin kisa, kuma lamirinka bai yarda ba, me za ka yi?" Ta farko tana neman abin da ke cikin zuciya. Ta biyu tana neman abin da hannu zai aikata a kan kujerar jama'a. Ta farko mai addini kaɗai za a iya yi wa, ta biyu kuwa kowa za a iya yi wa. Ta biyun ce haƙƙin sanata.

Da wannan ma'auni za a iya raba tsaki da tsakuwa a zaman Barrett na 2017. A 1998 ita da malaminta John Garvey sun wallafa wata maƙala a mujallar shari'a game da alƙalai 'yan Katolika da shari'o'in da suka shafi hukuncin kisa. A ciki sun nuna cewa alƙalin da imaninsa ya hana shi yanke irin wannan hukunci, abin da ya dace shi ne ya janye daga shari'ar, kada ya lanƙwasa doka ta dace da imaninsa. Tunda ita ce ta fito da batun fili da alƙalaminta, tambayarta a kan maƙalar daidai ne, kuma wajibi ne ma. Amma tambayarta ko ita cikakkiyar Katolika ce, wannan ya tsallake iyaka. Haka nan Roy Moore, aikinsa ne na bijire wa umarnin kotu ya kayar da shi, kuma irin wannan hali ana gane shi ne daga tarihin ayyukan mutum da furucinsa.

Batun ƙungiyoyi shi ma yana da ma'auninsa. A ganina abubuwa uku ne ke halatta bincike. Na ɗaya, idan ƙungiyar na iya zama mai ƙara ko wadda ake ƙara a gaban alƙalin. A Ingila, a ƙarshen 1998, kotun ƙoli ta wancan lokaci, wato ta Majalisar Iyayen Ƙasa, ta soke hukuncinta a shari'ar Augusto Pinochet, tsohon shugaban Chile, saboda ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, darakta ne a wani reshen agaji na ƙungiyar Amnesty International, alhali ƙungiyar ta shiga cikin shari'ar. Ba ƙungiyar addini ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce: kowa ya ci ladan kuturu, ana kyautata zaton zai yi masa aski. Na biyu, idan ƙungiyar na ɗaukar rantsuwar biyayya da ta ɗara rantsuwar kama aiki, ko tana wajabta wa 'ya'yanta fifita juna ko da a kan gaskiya. Na uku, idan mutumin da kansa ne ya jagoranci ko ya sa hannu a kan wani matsayi na ƙungiyar da ya shafi doka. In ba haka ba, ɗora wa mutum alhakin duk abin da wani ɗan ƙungiyarsu ya taɓa faɗa zalunci ne. Tambayar Mangi irin rawar da ya taka a kwamitin cibiyar nan daidai ne. Tilasta masa wanke kansa daga ta'addancin da ba shi da hannu a ciki kuwa, wani abu ne daban.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai tantancewa zai iya yi wa kansa. Ya cire sunan addinin da ke cikin tambayarsa, ya sa sunan nasa addinin, sannan ya ƙaddara cewa ɗansa ne ke zaune a kan kujerar. Idan ya ji tambayar ta yi masa ɗaci, to kada ya yi wa ɗan wani.

Mu Waiwayo Gida

Nijeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, kuma Kundin 1999 ya tanadi cewa shugaban ƙasa ne ke naɗa Alƙalin Alƙalai da sauran alƙalan Kotun Ƙoli bisa shawarar Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, tare da amincewar Majalisar Dattawa. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, Sashe na 38 ya ba da 'yancin addini, Sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa.

Sai dai kundinmu yana da abin da na Amurka ba shi da shi. Sashe na 288 ya buƙaci a samu masana Shari'ar Musulunci ta zamantakewar iyali da masana dokokin gargajiya a cikin alƙalan Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara. A lura da kalmar da sashen ya yi amfani da ita: ilimi ya ambata, kuma ya auna shi da takardar shaida da shekarun aiki. Don haka ƙorafin da wasu suka yi a 2019, lokacin da Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad ya zama Alƙalin Alƙalai, cewa ƙwarewarsa ta fi karkata ga Shari'ar Musulunci, bai da tushe a kundin da shi kansa ya nemi irin wannan ƙwarewa. Wanda ke da suka, sai ya kawo ta daga hukunce-hukuncen mutum. Haka kuma Sashe na 38 da ya ba da 'yancin addini shi ne ya ce wannan 'yanci bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba, wato kundin ya riga ya bambance ƙungiyar ibada da ƙungiyar da ke rantsar da 'ya'yanta su kare juna ko ta halin ƙaƙa.

Shari'o'in da suka taɓa addini ba za su daina zuwa kotunanmu ba. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar cikin bakwai, ta tabbatar da haƙƙin ɗalibai mata Musulmi na sanya hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Irin wannan shari'a ce ke jan hankalin mutum ya fara ƙirga Musulmi nawa ne, Kirista nawa ne a cikin alƙalan, maimakon ya karanta dalilan da kowannensu ya kawo. Ranar da muka mayar da wannan ƙirga ta zama ma'aunin hukunci, to Musulmi ba zai ƙara yarda da hukuncin alƙali Kirista ba, Kirista ma haka, kuma daga nan kotu ta tashi daga aiki. Neman a dama da kowane yanki da kowane addini wajen naɗe-naɗe abu ne mai kyau a ƙasa irin tamu. Amma wannan magana ce ta yadda ake cike kujeru gaba ɗaya, ba lasisin zargin mutum ɗaya ba ne saboda alƙiblar da yake fuskanta.

Kammalawa

Abin da jama'a ke bin alƙali bashi shi ne adalci, kuma shi ya kamata a bincika da kyau kafin a ba shi kujera. A karanta hukunce-hukuncensa da rubuce-rubucensa, a tambaye shi yadda zai yi idan doka ta saɓa wa son ransa, a nemi sanin ƙungiyoyin da za su iya sa ya janye daga wata shari'a, a duba ko ya taɓa wulaƙanta wani saboda addininsa. Duk waɗannan tambayoyi ne masu zafi, kuma babu wanda ya isa ya fake da addini ya guje musu. Amma abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa, sanata ba shi da ma'aunin auna shi.

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama 'yan jarida, da tafintoci a kotuna, da masu fassara muhawarar majalisa ga miliyoyin masu sauraron rediyo. Ta bakinmu talaka zai ji ko an yi wa wanda za a naɗa tambayar aiki ne ko tambayar aƙida. Ya zama wajibi mu iya bambance su, mu kuma faɗa ko da wanda aka yi wa rashin adalcin ba namu ba ne, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Allah Ya ba mu alƙalai masu gaskiya, Ya kuma ba masu tantance su ikon auna kowa da mudu ɗaya.